BABI NA UKU: GWAJIN ƘARFIN JIKI DA HASASHEN SAKAMAKON TSERE A TSAKANIN MATASA MATUƘA KAYAK

3.0 Gabatarwa

A wannan babi za a yi ƙoƙarin bayyana irin gwaje-gwajen da masu horarwa kan yi wa matasa 'yan tseren kwalekwalen kayak, da kuma iyakar abin da waɗannan gwaje-gwaje za su iya nunawa dangane da sakamakon tsere. Bahaushe kan ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. A kan irin wannan tunani ne aka gina al'adar gwada yara tun suna 'yan shekara 12 zuwa 16, domin a zaɓi waɗanda za a kashe wa kuɗi da lokaci, a sallami sauran. Abin da wannan babi zai nuna shi ne, gwajin da aka yi wa yaro yana iya faɗin yadda zai yi a tseren bana, amma ƙarfinsa kaɗan ne wajen faɗin yadda zai kasance idan ya girma. Dalili kuwa shi ne, babban kaso na abin da gwajin yake aunawa a waɗannan shekaru matakin balaga ne da yaron ya kai a ranar da aka gwada shi.

3.1 Tseren Kayak a Taƙaice

Kayak wani siririn kwalekwale ne wanda asalinsa na mutanen Inuwit ne da ke zaune a yankunan ƙanƙara na Girinlan da Kanada da Alaska, inda suke farauta da shi. Matuƙin kayak a zaune yake, ya miƙe ƙafafu gaba, yana riƙe da filafili mai baki biyu, yana sara ruwa dama da hagu. Wannan ne ya bambanta shi da ɗaya kwalekwalen tseren, wanda ake durƙusawa da gwiwa ɗaya a tuƙa da filafili mai baki ɗaya.

An shigar da tseren cikin wasannin Olamfik a birnin Balin a shekarar 1936, mata kuma suka fara shiga a Landan a 1948. Ana yin sa a kan ruwa mai kwanciya, a miƙe, kowane kwalekwale a layinsa. Akwai na mutum ɗaya da na biyu da na huɗu, waɗanda ake kira K1 da K2 da K4. Dokar hukumar wasan ta duniya ta ce kada tsawon K1 ya wuce santimita 520, kada kuma nauyinsa ya gaza kilo 12. Manyan nisan da ake tsere a kansu su ne mita 200 da mita 500 da mita 1000. An fara gasar matasa ta duniya a 1985, inda 'yan shekara 18 zuwa ƙasa suke karawa, sannan a 2013 aka haɗa ta da ta 'yan ƙasa da shekara 23. Ke nan akwai gasa ta haƙiƙa da ake shirya waɗannan yara dominta, kuma kowace ƙasa tana da gurabe ƙalilan ne da za ta cike.

3.2 Abin da Tseren Yake Buƙata Daga Jiki

Kafin a yi maganar gwaji, ya kamata a san abin da ake nema a gwada. Jikin ɗan Adam yana samar wa tsoka ƙarfin aiki ta manyan hanyoyi biyu. Hanya ta farko ita ce ta amfani da iskar oksijin, wadda huhu yake shaƙa, zuciya ta tura ta cikin jini zuwa tsoka. Wannan hanya tana ɗaukar lokaci kafin ta kankama, amma tana jure aiki mai tsawo. Hanya ta biyu ba ta jiran oksijin. Tana ba da ƙarfi mai yawa nan take, sai dai tana saurin ƙarewa, kuma a lokacin da take aiki ne sinadarin laktet yake taruwa a cikin jini.

Tsawon lokacin tsere shi ne yake nuna hanyar da za ta fi yin aiki. Gwanayen maza na duniya suna gama mita 200 a cikin sakan 35 ko kusa da haka, saboda haka mafi yawan ƙarfin yana fitowa ne daga hanya ta biyu. Gwanayen mata suna gama mita 500 a ƙasa da minti biyu, a nan kuwa fiye da rabin ƙarfin daga oksijin yake. Mita 1000 kan ɗauki maza kimanin minti uku da rabi, inda kusan kashi huɗu cikin biyar, ko ma fiye, yake fitowa daga oksijin. Daga nan za a fahimci cewa babu gwaji guda da zai wadatar da dukkan nisan uku.

Wani abin lura kuma shi ne yadda ruwa yake turje wa kwalekwale. Ƙarfin da ake buƙata yana hawa ne kusan daidai da gudu idan aka ninka shi a kansa sau uku. Ma'ana, wanda ya ƙara kashi 10 cikin ɗari a kan ƙarfinsa, abin da zai samu a gudu kimanin kashi 3 cikin ɗari ne kawai. Ga yaron da yake gama mita 1000 a minti huɗu, wannan ya kama kimanin sakan 7. Bugu da ƙari, duk kilon da matuƙi ya ƙara a jikinsa yana ƙara nutsar da kwalekwalen, ruwan da yake shafarsa ya ƙaru, turjiya ita ma ta ƙaru. Don haka tsoka tana da amfani, amma tana da nata farashin.

3.3 Ire-iren Gwaje-gwajen da Ake Yi

Za a iya kasa gwaje-gwajen da aka saba yi wa matasan matuƙa gida biyar, kamar haka:

3.3.1 Awon Jiki

A nan ana auna tsayi a tsaye, da tsayi a zaune, da nauyi, da tsawon hannuwa idan an buɗe su, da faɗin kafaɗu, da kaurin damtse da na ƙirji, da kuma kaurin kitsen da ke ƙarƙashin fata. Tsayi a zaune da tsawon hannu suna da muhimmanci domin su ne suke nuna nisan da matuƙi zai iya kai bakin filafili gaba kafin ya sa shi a ruwa.

3.3.2 Gwajin Ƙarfin Tsoka

Mafi shahara su ne guda biyu. A na farko yaro yana kwanciya rigingine a kan benci ya tura ƙarfe sama. A na biyu yana kwanciya rub da ciki a kan dogon benci ya jawo ƙarfe daga ƙasa zuwa ƙirjinsa, wanda shi ne ya fi kama da jan filafili. Akan ƙara da lilo a sandar ƙarfe, inda ake ƙirga sau nawa yaro zai ɗaga jikinsa har haɓarsa ta wuce sandar. Ga ƙananan yara waɗanda ba su iya ɗaga ƙarfe ba tukuna, akan ba su ƙwallo mai nauyi su jefa, a auna nisan da ta kai.

3.3.3 Gwajin Juriya

A ɗakin gwaji ana ɗora yaro a kan na'urar tuƙi ta tudu, wato injin da aka ƙera domin ya kwaikwayi tuƙin kayak, a rufe masa baki da hanci da abin shaƙa, a riƙa ƙara masa nauyin aiki mataki-mataki har ya gaza. Da haka ake sanin iyakar oksijin da jikinsa zai iya amfani da shi a minti ɗaya. Manyan gwanaye maza kan kai kusan lita 5. A tsakanin matakan akan ɗebi ɗigon jini daga fatar kunne ko yatsa domin a ga inda laktet ya fara taruwa da sauri. Da yawa daga cikin ɗakunan gwaji suna ɗaukar milimol 4 a kowace litar jini a matsayin alama. Inda babu waɗannan kayan aiki, akan koma ga gudun ƙafa, kamar gudun minti 12 na Cooper wanda ya fito a 1968, ko gudun kai-da-komo na mita 20 na Léger. Matsalar gudun ƙafa ita ce, ƙafa yake gwadawa alhali kayak aikin baya ne da kafaɗa da ƙugu. Wanda bai horu ba, idan ya yi aiki da hannu, oksijin da zai iya amfani da shi bai wuce kimanin kashi 70 cikin ɗari na abin da zai yi da ƙafa ba, amma horarren matuƙi yana rage wannan tazara ƙwarai. Gudun ƙafa ba ya ganin wannan bambanci.

3.3.4 Gwajin Ƙarfin Nan Take

Wannan ya samo asali ne daga gwajin Wingate da aka ƙirƙiro a Isra'ila a shekarun 1970, inda mutum yake tuƙa keke da iyakar ƙarfinsa na sakan 30. An mayar da shi kan na'urar tuƙin kayak ko kan keken hannu. Ana duba ƙololuwar ƙarfin da yaro ya kai, da jimillar aikin da ya yi, da kuma saurin da ƙarfin nasa ya zube.

3.3.5 Gwaji a Kan Ruwa

Shi ne a ɗauki lokacin yaro a kan nisa sananne, a kuma ƙirga yawan saran filafilinsa a minti ɗaya. Wannan ya fi kowanne kusa da tsere, sai dai iska da sanyin ruwa da zurfinsa duk suna sauya lokaci. Ruwa mai sanyi ya fi kauri, ruwa marar zurfi kuma yana riƙe kwalekwale. Saboda haka ba a kwatanta lokacin da aka ɗauka yau da na wata ranar sai da taka-tsantsan.

3.4 Yadda Ake Yin Hasashe

Hanyar da masu bincike suka fi bi ita ce, a tara matuƙa a yi musu gwaje-gwaje, a ɗauki lokacinsu na tsere, sannan a yi lissafin dangantakar da ke tsakanin kowane gwaji da lokacin. Ma'aunin dangantaka yana tsakanin -1 da +1. Idan aka samu 0.8, to ana ninka shi a kansa a samu 0.64, wato gwajin ya bayyana kashi 64 cikin ɗari na bambancin da ke tsakanin matuƙan, saura kashi 36 suna wani wuri dabam. Idan aka haɗa gwaje-gwaje biyu ko uku a lissafi ɗaya, akan samu ƙa'idar da za a sa sakamakon yaro a ciki ta fitar da lokacin da ake zaton zai yi.

A kan manyan matuƙa an yi irin wannan aiki da dama. Fry da Morton a 1991 sun nazarci matuƙa a Ostireliya, suka ga waɗanda suka fi nasara sun fi sauran girman jiki da ƙarfin tsoka da kuma iya amfani da oksijin. Bishop a shekarar 2000 ya nazarci mata masu tseren mita 500, ya nuna cewa hanyoyin ƙarfin nan biyu duka suna da hannu a sakamakon. Van Someren da Palmer a 2003 sun duba mita 200, inda kaurin sassan jiki na sama da ƙarfin nan take suka fito fili. Dukkan waɗannan sun dace da bayanin da aka yi a 3.2.

Sai dai akwai abubuwa uku da ya kamata mai karanta irin waɗannan ayyuka ya riƙe. Na farko, yawan mutanen da ake gwadawa kaɗan ne, domin gwanayen kayak a kowace ƙasa ba su da yawa, kuma lissafin da aka gina a kan mutane ƙalilan yana saurin sauyawa. Na biyu, ƙa'idar da aka fitar daga wani rukuni ba lalle ne ta yi aiki a kan wani rukunin ba. Na uku, kuma mafi muhimmanci, kalmar hasashe a nan ba ta nufin gaba mai nisa. Gwajin da tseren duk a mako ɗaya ko wata ɗaya aka yi su. Abin da aka tabbatar shi ne dangantakar ƙarfin yau da tseren yau.

3.5 Matsalar Balaga

A nan ne yara suka bambanta da manya. Kowane yaro yana da lokacin da tsayinsa yake harbawa da sauri fiye da kowane lokaci tun bayan jarirantaka. Ga 'yan mata wannan yakan zo a wajen shekara 12, ga maza kuwa a wajen shekara 14, inda namiji kan ƙara santimita 9 ko 10 a shekara guda. Amma wannan matsakaici ne kawai. Wani yaron zai kai nasa a shekara 12, wani sai 16, kuma dukkansu lafiyarsu lau. A jikin namiji, sinadarin testostaron yana ƙara tsoka, ya faɗaɗa kafaɗu, ya ƙara yawan jan sinadarin jini mai ɗaukar oksijin. Ƙarfin tsoka kuma yakan yi nasa harbin kimanin shekara guda bayan na tsayi.

Idan aka koma ga jerin da ke 3.3, za a ga babu gwaji ko ɗaya da balaga ba ta taɓa shi ba. A ɗauki misalin yara biyu maza 'yan shekara 14 a kulob ɗaya. Na farko ya wuce harbin tsayinsa da shekara ɗaya da rabi, muryarsa ta buɗe, kafaɗunsa sun cika. Na biyu saura shekara guda ya kai nasa. Na farko zai fi jan ƙarfe, zai fi jifar ƙwallo, zai fi a kan na'ura, kuma zai ci tseren. Lissafi zai nuna dangantaka mai ƙarfi tsakanin gwaji da tsere, kuma lissafin bai yi ƙarya ba. Amma abin da ya haɗa su shi ne tazarar shekara biyu da rabi ta girman jiki, wadda za ta ɓace idan dukkansu suka kai shekara 19. López-Plaza da abokan aikinsa, waɗanda suka nazarci matasan matuƙa a Sifen a 2017, sun samu cewa waɗanda suka fi nisa a balaga su ne suka fi girman jiki da ƙarfi da kuma saurin tuƙi, har matakin balaga ya shiga cikin manyan abubuwan da suke hasashen lokaci.

Ga 'yan mata lamarin ya ɗan sha bamban. Balaga tana zuwa musu da ƙarin kitse a jiki, ƙarin tsoka kuwa bai kai na maza ba. Yarinya tana iya ganin sakamakonta na lilo a sanda ko na gudun ƙafa ya tsaya ko ya ja baya na wani lokaci, alhali ba ta rage himma ba. Mai horarwar da bai san da wannan ba zai iya ɗaukar sa a matsayin lalaci.

Har ila yau akwai batun watan haihuwa. Da yake ana kasa yara ne bisa shekarar haihuwa, wanda aka haifa a Janairu ya girmi wanda aka haifa a Disamba da kusan shekara guda, amma rukuninsu ɗaya. Barnsley da abokan aikinsa sun nuna wannan a 1985 a wasan hoki na ƙanƙara a Kanada, inda haifaffun farkon shekara suka mamaye ƙungiyoyi. Daga baya an ga irin haka a wasanni da dama. Illar ba ta tsaya a zaɓe ba. Wanda aka zaɓa shi ne zai samu mai horarwa mafi gogewa da kwalekwale mafi kyau da sansanin horo, sai ya ƙara yin gaba, a ce ai ga shi gwajin ya yi gaskiya. Wanda aka sallama kuwa yawanci barin wasan yake yi, saboda haka babu wanda zai san abin da da ya zama.

3.6 Abin da Gwaji Ba Ya Gani

Kwalekwalen tsere siriri ne ƙwarai, wanda bai saba ba ko zama a cikinsa ba zai iya ba sai ya kife. Na'urar tuƙi ta tudu ba ta girgiza, ba ta kuma hukunta mai nauyin jiki kamar yadda ruwa yake yi. Don haka babban yaro mai ƙarfi yana iya haskakawa a kan na'ura, a kan ruwa kuma ƙarfin ya tarwatse wajen neman daidaito. Haka nan gwaji ba ya auna yadda matuƙi yake kama ruwa da bakin filafili, musamman irin filafili mai lanƙwasa kamar fiffike da aka fito da shi a Suwidin a tsakiyar shekarun 1980, wanda yake buƙatar juya gangar jiki da tura ƙafa fiye da jan hannu. Ba ya auna iya rarraba ƙarfi a tsawon tsere, ko iya daidaita sara da abokan tuƙi a K2 da K4, ko juriyar shekaru na horo a cikin sanyi. Birgit Fischer ta Jamus ta ci zinarenta na farko a Olamfik a 1980 tana da shekara 18, ta ci na takwas a 2004 tana da shekara 42. Babu gwajin rana ɗaya da zai auna irin wannan ɗorewa.

3.7 Hanyar Amfani da Gwaji Yadda Ya Dace

Bayanan da suka gabata ba suna nufin a daina gwaji ba ne. Abin da suke nunawa shi ne a san yadda za a karanta shi. Da farko, a riƙa haɗa kowane sakamako da ƙiyasin matakin balaga. Hoton ƙashin wuyan hannu yana nuna shekarun ƙashi, amma yana da tsada. Hanya mai sauƙi ita ce ta Mirwald da abokan aikinsa ta 2002, wadda take amfani da shekaru da tsayi da tsayi a zaune da tsawon ƙafa da nauyi ta ƙiyasta nisan yaro daga harbin tsayinsa. Tana iya kuskuren kimanin shekara guda, kuma ta fi rauni a kan yaran da suka yi saurin balaga ƙwarai ko suka yi jinkiri ƙwarai, saboda haka auna tsayi duk bayan wata uku yana taimaka mata. Na biyu, a kwatanta yaro da waɗanda suke mataki ɗaya da shi, kamar yadda wasu makarantun ƙwallon ƙafa a Ingila suka gwada kasa yara bisa girman jiki. Na uku, a fi ba da muhimmanci ga yadda sakamakon yaro yake sauyawa daga shekara zuwa shekara, a kuma yi gwajin a kan na'ura ɗaya, a lokaci ɗaya na yini, bayan yaron ya saba da shi. Na huɗu, a jinkirta sallama, a bar ƙofa a buɗe har yara su wuce shekarun harbin tsayi.

3.8 Naɗewa

A wannan babi an bayyana yanayin tseren kayak da abin da yake buƙata daga jiki, an kawo gwaje-gwaje iri biyar, an kuma nuna yadda ake gina hasashe a kansu. An ga cewa gwajin ƙarfin jiki yana da dangantaka ta gaskiya da sakamakon tsere, kuma yana da amfani wajen tsara horo da gano raunin kowane yaro. Amma a tsakanin shekara 12 zuwa 16 wannan dangantaka tana ratsawa ne ta cikin balaga, don haka ba hujja ba ce ta yanke hukunci a kan makomar yaro. Mai horarwar da ya riƙe takardar sakamako ba tare da sanin matakin girman yaransa ba zai zaɓi waɗanda suka riga girma, ya saki wasu da ba su kai lokacinsu ba.